Shekarar Da Aka Ba 'Yan Sikotilan Tasha, Aka Riƙe Ƙarfe Shida

Da ƙarfe bakwai na yammacin Lahadi, 24 ga Fabrairun 2019, wata sabuwar tashar talabijin ta fara aiki daga wani katafaren gini na gilashi da ke bakin kogin Clyde a birnin Glasgow. Sunanta BBC Scotland. An buɗe da kiɗa da waƙa, da dare ya ɗan miƙa kuma aka sako kashin farko na zangon ƙarshe na Still Game, wasan barkwancin nan na tsofaffi biyu 'yan fansho wanda mutanen ƙasar suka shaƙu da shi tun 2002. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka zauna kallo a wannan dare. Washegari da ƙarfe tara aka fara shirin da, in za a faɗi gaskiya, dominsa aka kafa tashar: labarai na awa guda cur mai suna The Nine. Editocinsa a Glasgow suke, su ne kuma ke yanke shawarar labarin da zai zo farko, na Sikotilan ne, na Birtaniya ne, ko na sauran duniya.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce ai buƙata ta biya: jama'a sun nemi tasha, an ba su. Ni dai abin da na fahimta daga shekarar farko ta tashar, wato Fabrairun 2019 zuwa farkon 2020, shi ne abin da aka nema daban, abin da aka bayar daban. Mutum ya roƙi wurin zama a zaure, inda kowa ke shige da fice, sai aka gina masa ɗaki a can ƙuryar gida. Ɗakin ba abin rainawa ba ne, an yi ayyuka masu daraja a cikinsa. Amma zauren yana nan a hannun mai shi.

Zauren shi ne ƙarfe shida na yamma a tashar BBC One. A Birtaniya wannan ne lokacin da ma'aikaci ya dawo gida, ana shirin cin abincin dare, talabijin na kunne a falo. Rabin awar farko labarai ne daga Landan zuwa ga ƙasar baki ɗaya, rabi na biyu kuma kowane yanki ya koma ga nasa. Na Sikotilan shi ne Reporting Scotland, wanda ake gabatarwa tun 1968. Tsarin ya daɗe yana tafiya, har zuwa 1999 da aka buɗe majalisar dokokin Sikotilan a Edinburgh. Daga nan asibitoci, makarantu, 'yan sanda, gidajen yari da ƙananan hukumomi duk suka koma ƙarƙashin wannan majalisa. Dama can tsarin shari'arsu da na karatunsu daban ne da na Ingila tun ƙarnoni. Sai ya zama uwa a garin Dundee ta zauna da ƙarfe shida, a buɗe mata labarai da sauyin jarrabawar da ɗanta ba zai taɓa rubutawa ba, ko rikicin ministan lafiyan da ba shi da iko ko kan gado ɗaya a asibitin garinsu. Abin da ya shafe ta sai ta jira shida da rabi, ya zo a jerin labaran yanki, tare da hatsarin mota da sakamakon ƙwallo.

Shi ya sa tun 1998 'yan jarida da 'yan siyasa da dama suka nemi a haɗe awar nan wuri guda, a shirya ta daga Glasgow. Sunan da aka sa wa wannan buƙata, Scottish Six, ya zama kamar take a siyasar ƙasar. Shugaban BBC na lokacin, John Birt, ya ƙi ƙememe. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa har wurin Firaminista Tony Blair ya kai maganar don a dafa masa, bisa hujjar cewa BBC na cikin 'yan cibiyoyin da suka rage masu ɗaure Birtaniya wuri guda. Ya kamata a yi masa adalci: ba ƙaramar hujja ba ce, kuma har gobe akwai 'yan Sikotilan masu yawa da ke tare da shi, masu tsoron cewa raba labarai mataki ne na raba ƙasa, ko kuma cewa labaran gida za su ƙuntata wa mai kallo duniya. Sai dai abin da aka bayar a madadin shi ne ya zama al'ada: 'yan mintuna 20 a wutsiyar shirin Newsnight, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da yawancin masu tashi aiki da sassafe sun kwanta. Ikon tsara harkar yaɗa labarai kuwa, dokar 1998 da ta kafa majalisar Edinburgh ta bar shi a Westminster, wato majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2008 wani bincike da hukumar amintattun BBC ta sa Farfesa Anthony King ya jagoranta ya gano cewa a cikin makonni huɗu da aka nazarta, labarai 136 aka bayar kan lafiya da ilimi a manyan shirye-shiryen ƙasa, kuma dukkansu kan Ingila suke. Ko taswirar hasashen yanayi sai da ta jawo faɗa: a 2005 aka sauya ta aka karkata ta yadda kudancin Ingila ya cika allo, Sikotilan kuwa, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar, ta tsuke can sama. Sai a 2018 aka miƙar da ita. A 2008 ɗin dai wani kwamiti da gwamnatin Sikotilan ta Alex Salmond ta kafa ƙarƙashin Blair Jenkins ya ba da shawarar a kafa tashar Sikotilan mai cin gashin kanta da kuɗin da zai kai fam miliyan 75 a shekara. Duk jam'iyyun majalisar Edinburgh suka yi na'am, kuɗi bai fito ba. Sai ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kai ta 18 ga Satumban 2014, wadda masu son zama a Birtaniya suka ci da kashi 55 cikin 100. Ana saura kwanaki a kaɗa ta, dandazon masu son ɓallewa suka yi zanga-zanga a ƙofar wancan ginin gilashi na Glasgow, suna zargin BBC da son kai. Ko mutum ya yarda da zargin ko bai yarda ba, tashar da kusan rabin jama'a ke kallonta da shakku tana cikin matsala. A 2016 har wani kwamitin majalisar wakilai ta Westminster ya goyi bayan a ba su ƙarfe shidan. A Fabrairun 2017 shugaban BBC Tony Hall ya zo da amsarsa: ba ƙarfe shida, amma ga tasha sukutum.

Yanzu a zo ga kuɗi, domin a nan ne ake gane nauyin kyautar. Kasafin tashar kimanin fam miliyan 32 ne a shekara, kuma ba duka ne sabon kuɗi ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku an kwaso shi ne daga shirye-shiryen Sikotilan da a da ake sakawa a BBC Two, waɗanda aka daina da zuwan sabuwar tashar. Wato an ɗauke su daga tasha ta biyu a jerin tashoshi, wadda kowa ke bi ta kanta, an kai su inda sai ka nema. Ainihin lokacin tashar daga bakwai na yamma ne zuwa sha biyun dare, awa biyar. A shekara ya kama awa 1,825, kuma an amince kusan rabi ya zama maimaici. In ka raba kasafin da awa 900 da 'yan kai na sababbin shirye-shirye, kowace awa ta kama kimanin fam dubu 35. A kunnenmu kuɗi ne mai yawa. A kasuwar talabijin ta Birtaniya kuwa, awa guda ta babban wasan kwaikwayo a BBC One kan doshi fam miliyan ɗaya. Da wannan aka ce tashar ta shiga kokawa da BBC One da ITV da Netflix a lokaci guda.

Akwai kuma tsohuwar gardamar kuɗin lasisi. Duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye a Birtaniya dole ya biya, kuma a Afrilun 2019 kuɗin ya zama fam 154.50 a shekara. Abin da ake tarawa daga Sikotilan ya haura fam miliyan 300. Alƙaluman shekarar 2015 zuwa 2016 sun nuna kashi 55 cikin 100 kawai aka kashe a can, alhali Ireland ta Arewa ta ga kashi 74 na nata, Wales kuma kashi 95. BBC kan amsa da cewa ragowar ba ɓacewa yake ba: da shi ake sayen haƙƙin nuna gasar Olamfik, ake ɗaukar nauyin wakilai a ƙasashen waje, ake yin manyan shirye-shiryen da ɗan Aberdeen ke kallo kamar yadda ɗan Manchester ke kallo. Gaskiya ne, kuma mu ma muna da kaso a ciki, domin tun 2014 kuɗin lasisin nan ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin sashen BBC na ƙasashen waje, wanda Sashen Hausa ke ƙarƙashinsa. Ma'aikaciyar jinya a Paisley tana cikin masu biyan kuɗin labaran da ake saurare a Kano da Maraɗi da asuba. Amma wannan bai amsa tambayar da 'yan Sikotilan ke yi ba: me ya sa Wales, wadda ba ta kai su yawa ba, ta fi su ganin amfanin kuɗinta a gida?

The Nine ya samu ma'aikata na gaske. An ɗauki 'yan jarida kusan 80, Rebecca Curran da Martin Geissler suka riƙa gabatarwa, aka ajiye wakiliya ta musamman kan harkokin Turai. Shekarar kuma ta ba su abin yi, domin 2019 ita ce shekarar da rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ya kai maƙura, alhali kashi 62 cikin 100 na 'yan Sikotilan sun zaɓi a zauna a ƙuri'ar 2016. A watan Satumba, da Firaminista Boris Johnson ya dakatar da zaman majalisa, kotu a Landan ta ce ba huruminta ba ne, amma babbar kotun Sikotilan da ke Edinburgh ta yanke cewa matakin ya saɓa wa doka, ranar 11 ga wata. Ranar 24 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin Edinburgh. Irin wannan labari ne ke nuna amfanin ɗakin labarai da ya san shari'ar Sikotilan ciki da bai, wanda ba sai an fara yi wa editansa bayanin dalilin da ya sa ƙasa ɗaya ke da tsarin shari'a fiye da ɗaya ba.

Sai dai ƙarfe tara na dare a Birtaniya ba lokacin labarai ba ne. Lokacin manyan wasannin kwaikwayo ne, inda kowace tasha ke fito da gwarzonta. Mai son labarai ya riga ya gani da ƙarfe shida, zai kuma sake gani da ƙarfe goma. Cikin 'yan makonni masu kallon The Nine suka ragu ƙwarai, jaridu suka samu abin rubutawa, har aka riƙa buga cewa wasu shirye-shiryen tashar ba wanda ya kalle su ko mutum ɗaya. A nan ya kamata mai karatu ya san yadda ake ƙidayar. Hukumar Barb, mai ƙidayar masu kallon talabijin, ba ta leƙa kowane gida. Na'urori take sakawa a gidaje dubu biyar da 'yan kai a faɗin Birtaniya a wancan lokaci, daga nan a ƙiyasta na sauran. Rabon Sikotilan a ciki 'yan ɗaruruwa ne. In babu ko ɗaya cikinsu da ya kunna shirin, sai a rubuta sifili, ko da dubban mutane sun kalla a wasu gidajen. Ma'aunin da aka ƙera don auna buhu ba zai faɗi gaskiyar nauyin cokali ba. BBC ta kare kanta da cewa in aka cire manyan tashoshi biyar, babu wadda ta fi tata isa ga jama'a a Sikotilan. Duk da haka ba zan ce matsalar ta ma'auni ce kaɗai ba. Masu kallon labaran sun yi kaɗan, kuma dalilin a bayyane yake. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka mayar da ƙarancin ya zama hujjar cewa dama can mutane ba sa son labarai daga Glasgow, alhali ba a taɓa gwada shirin a lokacin da suka nema ba.

Inda tashar ta yi abin a zo a gani, ba a labarai ba ne. A watan Oktoba ta fito da Guilt, wasan kwaikwayo mai kashi huɗu da Neil Forsyth ya rubuta, kan wa da ƙane a Edinburgh da suka buge wani dattijo da mota suna dawowa daga biki, suka yi ƙoƙarin rufe maganar. Bayan 'yan kwanaki BBC Two ta nuna shi ga Birtaniya duka, daga baya ya je Amurka, ya kuma kai zango uku. Murder Case ya bi 'yan sandan binciken kisan kai a bakin aikinsu. Inside Central Station ya shiga rayuwar ma'aikatan babbar tashar jirgin ƙasa ta Glasgow. A View from the Terrace kuwa magoya bayan ƙwallo ne suka zauna suna hirar ƙananan kulob-kulob na garuruwan da manyan tashoshi ba sa waiwaya, da irin harshen da ake yi a bakin fili. Wannan na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin ba yadda za a yi wani jami'i a Landan ya amince da shi: ba zai ga wa ake yi wa ba. Amfanin tashar ke nan na haƙiƙa. Ta samar da teburi a Glasgow inda mai shirya fim zai kai tunaninsa, a ce masa e ko a'a ba tare da ya hau jirgi ba.

Wannan ya kai mu ga wata tambaya da ta fi wuya: wane shiri ne ma na Sikotilan? Hukumar Ofcom, wadda ta karɓi sa ido kan BBC a 2017, ta wajabta mata kashe aƙalla kashi 8 cikin 100 na kuɗin shirye-shiryen ƙasa a Sikotilan, daidai da yawan jama'arta, mutum miliyan biyar da rabi. Don a lissafa shiri a wannan kaso, sai ya cika biyu cikin sharuɗɗa uku: kamfanin na da ofis na gaske a wurin, kashi 70 na kuɗin aikin an kashe shi a wajen Landan, rabin kuɗin ma'aikata kuma ya tafi ga mazauna wajen Landan. A takarda abin ya yi kyau. A aikace sai aka riƙa tumɓuke shiri daga Ingila ana dasa shi a arewa. Wasan kwaikwayon makaranta na Waterloo Road an ɗauke shi daga Rochdale zuwa Greenock a 2012, har da labarin cewa makarantar ce ta yi ƙaura. Gasar sunuka da ake bugawa a Sheffield, arewacin Ingila, an taɓa lissafa nuna ta a kason Sikotilan saboda kamfanin da ke ɗaukar ta na da ofis a Sikotilan. Masu kyamara da masu haɗa hoto na gida kan samu aiki na ɗan lokaci, amma tunanin, da mallakar shirin, da ribar sayar da shi a waje duk suna komawa kudu. A 2019 Ofcom ta tsaurara ƙa'idojin, a shekarar kuma Channel 4 ta buɗe reshe a Glasgow. Maganar ba ta mutu ba, don a 2025 ta sake tashi kan The Traitors, wanda ake ɗauka a wani tsohon gidan sarauta a tsaunukan arewacin Sikotilan amma kamfanin Landan ke yinsa.

BBC ba ita kaɗai ce a filin ba. STV, tashar kasuwanci da Roy Thomson ya buɗe a 1957, ita ke riƙe da lamba uku a jerin tashoshi a mafi yawan Sikotilan, labaranta na ƙarfe shida kuma kafaɗa da kafaɗa suke da na BBC. Ita ce ma ta riga gwada haɗa labaran gida da na duniya daga Glasgow, da ƙarfe bakwai, a ƙaramar tasharta STV2 da ta buɗe a Afrilun 2017. Wata 14 kawai ta yi aka rufe ta saboda asara, guraben aiki 59 suka tafi, kamfanin kuma ya ambaci zuwan sabuwar tashar BBC cikin dalilansa. Don haka kafin a haifi ɗaya, an binne ɗaya. Mutanen kudancin Sikotilan kuwa, na Dumfries da kewaye, ba sa ma samun STV. ITV Border suke kama, inda labaransu ke cakuɗe da na arewacin Ingila.

Akwai tasha ta uku da ta cancanci a tsaya a kanta, BBC Alba, mai magana da harshen Gelik. Ta fara ranar 19 ga Satumban 2008, haɗin gwiwa tsakanin BBC da hukumar MG Alba mai mazauni a Stornoway, can tsibiran yamma. Ƙidayar 2011 ta samu masu magana da harshen kimanin 58,000, kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100 na jama'a. Kuɗin da gwamnatin Sikotilan ke ba MG Alba bai kai fam miliyan 13 ba a wancan lokaci, alhali S4C ta harshen Wales, wadda aka kafa a 1982 bayan ɗan siyasar Wales Gwynfor Evans ya yi barazanar yajin cin abinci har mutuwa, tana samun wajen miliyan 80. Sakamakon haka kusan kashi uku cikin huɗu na abin da BBC Alba ke nunawa maimaici ne. Duk da wannan ƙunci tana da labaranta na kullum daga Inverness, da Eòrpa, shirin harkokin Turai da ya girme ta, da wasan kwaikwayo na Bannan da aka ɗauka a tsibirin Skye.

Dabarar da ta raya ta ita ce ƙwallo da kiɗan gargajiya, waɗanda ke jawo masu kallo ninkin-ba-ninkin masu jin harshen. Ta rungumi ƙwallon mata tun ba wanda ya damu da shi, kuma a watan Yunin 2019, da matan Sikotilan suka je gasar cin kofin duniya karo na farko a Faransa, ta nuna wasanninsu da sharhin Gelik. Amma dabarar na da farashi. Don a riƙe baƙi, yawancin shirye-shiryen manya na ɗauke da fassarar Turanci a ƙasan allo wadda ba ta ciruwa, hira da 'yan wasa ma sau da yawa da Turanci ake yi. Masu harshen da dama sun koka cewa tashar da aka yi don ceton harshensu ita ke cusa musu Turanci a ido kowane dare. Ina ganin kukansu na kan hanya. Sai dai kuma ba don waɗancan baƙin ba, da wuya 'yan siyasa su ci gaba da sakin kuɗin. Tashar na tsaye ne tsakanin hidima ga masu harshen da gamsar da masu biya, kuma kuɗin da ke hannunta bai isa ta yi duka biyun yadda ya kamata ba.

Tunda an taɓo ƙwallo: a 2019 ɗan Sikotilan na iya kallon wasannin neman gurbin Ingila a gasar Turai kyauta, domin ITV ce ke da su, amma na ƙasarsa sai ya biya Sky. Yaron da gidansu ba su da halin biya ya tashi yana ganin 'yan wasan maƙwabta, nasa sai dai a ba shi labari. Abin da sabuwar tashar ta iya saye shi ne wasannin rukuni na biyu a daren Juma'a da wasu na kofin ƙasa. Sai a 2025 BBC ta samu haƙƙin nuna wasannin babbar ƙungiyar maza kai tsaye.

Shekarar ta rufe da zaɓen 12 ga Disamba. ITV ta shirya muhawara tsakanin Boris Johnson da jagoran adawa Jeremy Corbyn su biyu rak. Jam'iyyar SNP mai neman 'yancin kan Sikotilan ta garzaya kotu, tare da Liberal Democrats, ba su yi nasara ba. Aka nuna muhawarar har a Sikotilan, babu jam'iyyar da bayan makonni uku ta lashe kujeru 48 cikin 59 na ƙasar. STV da BBC Scotland sun yi nasu muhawarorin da shugabannin jam'iyyun gida, amma babban dandali na wasu ne.

Tashar na cika shekara da 'yan makonni annobar korona ta iso. Harkar lafiya a hannun Edinburgh take, don haka dokar kulle, buɗe makarantu, yawan mutanen da za su iya haɗuwa, duk sun bambanta da na Ingila. A nan bambancin da wasu ke ɗauka gardamar 'yan boko ya zama batun ko za ka fita aiki gobe ko za ka zauna a gida. A watan Mayun 2020 Johnson ya sassauta saƙon gwamnatinsa a jawabin da aka watsa ko'ina, Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, kuma ta fito ta ce a Sikotilan umarnin zama a gida na nan daram. Jawabanta na kullum da rana suka jawo wa BBC a Sikotilan ɗimbin masu kallo, har da aka yi yunƙurin rage nuna su kai tsaye a watan Satumba, ƙorafin jama'a ya sa aka janye. Mutane sun nuna cewa in labari ya shafi rayuwarsu, kuma an kawo shi a lokacin da suke buƙata, za su zo.

A Fabrairun 2024 BBC ta sanar da cewa za ta dakatar da The Nine. Ya yi sallama a ƙarshen shekarar, a Janairun 2025 kuma aka maye gurbinsa da shirin rabin awa da ƙarfe bakwai. A watan Maris aka ce River City, wasan kwaikwayon da ake ɗauka a Dumbarton tun 2002, inda 'yan wasa da ma'aikata da yawa suka koyi sana'a, shi ma zai ƙare a 2026. Da ƙarfe shida na yamma a BBC One, har yanzu Landan ce ke buɗe labarai, Glasgow ta karɓa da shida da rabi.